Masar Bakancen Inna

Innarmu ba ta iya roƙon Allah a asirce ba. In ta ɗaga hannu, sai maƙwabta sun ce amin ta bayan katanga. Shi ya sa a lungunmu na Anguwan Rogo, tun daga bakin famfo har injin niƙa, babu wanda bai san bakancenta ba. Ta faɗa a gidan suna, ta faɗa a zaman makoki, ta faɗa a layin ɗiban ruwa, har mata suka haddace suna tsokanarta da shi. Ta yi wa Allah alkawari cewa ranar da autanta ya ajiye ƙarfe, za ta sauke tanda ta yi suyar masa ta ciyar da unguwa kaf, babu gidan da za ta tsallake.

Ƙarfe shi ne bindiga. A gidanmu ba a kiran sunanta, kamar yadda ba a kiran sunan maciji in duhu ya yi. Autan kuwa ƙanina ne. Ni na goye shi, ni na yi mishi wanki har ya yi wayo, kuma a lokacin da nake magana ya riga ya tara gemu, yana tuƙa keken haya tsakanin titin Bauchi da Farar Gada.

Sai wanda ya taɓa cin masar Inna zai gane nauyin wannan alkawari. Kanawa su riƙe wainarsu, mu a Jos masa muke cewa, kuma da ta Inna aka rene mu bayan rasuwar Baba. Tun asuba ake layi a ƙofar gidanmu, har malaman jami'a suna aiko da kula. Da ciwon gwiwa ya kama ta, sai ta wanke tandar ta kife a saman rumfar kicin, ta ce ba za ta sake ɗora ta a wuta ba sai ranar. Masu biki sun yi magiya, masu ciki sun yi roƙo, ta ce tandarta tana jiran yaro.

Ba shi ya je neman bindigar ba, kuma wannan shi ne abin da har yau yake ƙona mini rai. A shekarun da gari ya yi ta rikicewa, lokacin da ake kwanciya da takalmi a ƙafa, manyan unguwa ne suka tara samari suka ce su tsare bakin lunguna. Jarumai ake kiransu a lokacin, mata na aika musu da shayi da tuwo. Da ƙura ta lafa, manyan suka koma shagunansu da sahun gaba a masallaci, babu wanda ya tuna ya ce yara ku dawo da kayan nan. Bindigar da aka ce don baƙo mai mugun nufi ce, sai ta juyo cikin gida. Samari suka rabu ƙungiya-ƙungiya, na wannan lungu ba ya taka wancan. A kan budurwa a yi harbi, a kan waya a yi harbi, wani lokacin ma har a binne mutum ba a san a kan me ba. Jarumai suka koma 'yan sara-suka a bakin mutanen da suka ba su ƙarfen da hannunsu.

Na yi faɗa, na yi kuka, na taɓa marinsa a gaban abokansa. Bai rama ba, bai ma ɗaga kai ba. Sai da muka keɓe ya ce, "Yaya, ba ki gane ba ne. Ranar da aka ji ba ni da shi, na can za su zo don sun san hannuna wayam ne. Namu kuma za su riga su zuwa, don za su ce na sayar da su. Ki bar ni da shi, shi ke riƙe da numfashina."

Ni ina aure a Dutse Uku, da shagon ɗinki a ƙofar gida. Wata shekara harsashi ya sami wata mai sayar da kayan miya da tsakar rana, tana zaune a gaban tumatirinta ba ta tsare wa kowa komai ba. Bayan jana'izarta aka kira taro a wata firamare da ke wajen Rikkos, aka ce kowa ya zo, Musulmi da Kirista, maza da mata. Ni masifa ce ta kai ni, ba zan ɓoye ba. Na tarar da limamai da fastoci da masu unguwa da 'yan banga, manya-manya da babbar riga sun cusa kansu a bencin yara, gwiwa har haɓa. A gaba akwai sabon ogan 'yan sanda da aka kawo yankinmu, wani siririn mutum ɗan ƙasar nan ta tudu, mai Hausa garau.

Da aka ce ko mata suna da magana, na miƙe kafin a rufe baki. Na ce waɗansu da ke zaune a nan su suka ba yaran bindiga, yau kuma su ne ke girgiza kai. Na tuna musu bikin ajiye makami da aka taɓa yi, inda aka jera samari a rana aka ɗauke su hoto, manya suka tafa suka shige motocinsu, hotunan suka bi wayoyi. Na ce waɗansu daga cikin fuskokin nan mu muka yi wa iyayensu ta'aziyya. Wani mai unguwa ya ce in yi magana da ladabi, na ce ladabin ne ya kawo mu inda muke.

Ogan bai yi fushi ba, abin da ya ɗan rage mini kaifi. Ya ce, "Hajiya, gaskiya kika faɗa. To ki taimake ni. Ta yaya bindiga za ta bar hannun yaro ba tare da kowa ya sani ba? Har ni, ba na son in sani."

Wadda ta amsa ita ce Madam, wata 'yar Ibo mai shagon zare da zif da maɓalli a Rikkos, wadda nake sayayya a wurinta tun ina koyon ɗinki. Ita ma ta binne ɗan ƙanwarta da ta riƙe, a irin wannan harbin na ɓangarensu. Bayan an watse ta ja mu gefe, ni da ogan da liman ɗaya da fasto ɗaya, ta ce, "Oga, wa yana duba jakar ɗinki? Kowane mace yana kai atamfa wurin tela. Soja ma ba ya buɗewa, yana jin kunya. Abeg, ka bar wannan aiki a hannun mata."

Haka aka yi. Ba a sanar a masallaci ba, ba a sanar a coci ba. Maganar ta bi ta bakin malaman Islamiyyar matan aure da matan zumunta na coci, daga kunne zuwa kunne, ga waɗanda aka san suna da irin wannan ciwon a gida. Uwa ko yaya ko mata za ta naɗe abin a atamfa, ta sa a jaka, ta kawo wa tela kamar ɗinki. Ba na tambayar suna, nauyin jakar ne ke gaya mini. In da mutane a shago sai in ɗauko tef in auna matar, ƙugu da ƙirji da tsawon hannu. In na tashi sarin zare sai in tafi da jakar shagon Madam, ta tura ta bayan kwalaye. Daga nan wata tsohuwar mota mai kama da ta masu kawo kaya za ta zo, da mutanen oga cikin farin kaya, su kwashe.

Saura ɓangare na biyu, wanda ya fi wuya. Yaron da ya ajiye zai ci gaba da zama a majalisarsu kamar ba abin da ya faru, ya yi dariya da su, ya sha shayi da su, har kwamitin da aka kafa a taron ya samo mishi wuri a wajen gari, gareji ko gona ko shagon wani amintacce. Sai ya ce ya tafi ci-rani. A tsakanin nan rayuwarsa gaba ɗaya tana rataye ne a kan shiru.

Karo na farko kenan a rayuwata da na ga hukuma ta riƙe sirri. Oga ya haɗa 'yan sanda da 'yan banga suna sintiri tare a mahaɗar tituna, liman da fasto suna shiga mota ɗaya zuwa gidan duk wanda aka ji ana hari. Jakunkuna suka riƙa zuwa, wani lokaci har in rasa inda zan taka a bayan keken ɗinkina. Aka ɗauki lokaci ba mu ji ƙarar harbi ba, yara suka koma buga ƙwallo har magariba. Na fara sa rai, kuma da na san abin da sa rai zai yi mini da ban fara ba.

Wata ranar Talata da la'asar keken autanmu ya tsaya a ƙofar shagona. Ya shigo da wata jaka da na sani, ta Inna ce, da tsohuwar atamfarta mai ruwan goro tana leƙowa. Akwai mata a shagon suna rigima a kan ankon biki. Ya ajiye jakar ƙarƙashin tebur ya ce, "Yaya, ga ɗinkin Inna." Na tura ta da ƙafa don in gyara mata zama, sai ƙafata ta ji nauyin. Allurai ne a bakina, su suka hana ni ihu. Na zare su ɗaya bayan ɗaya na ce, "Ka ce mata aiki ya yi mini yawa, sai ta yi haƙuri." Ya yi dariya irin ta yarintarsa, wadda na manta yana da ita, ya ce ai dama ni ba na cika alkawarin ɗinki.

Da yamma ya dawo muka zauna a tsakar gida. Na tambaye shi me ya canza, ya ce shi dai ya gaji, ya gaji da juyawa duk lokacin da babur ya taho a bayansa. Liman ya samo mishi gareji a Bauchi, ƙarshen wata zai tafi. Muka yi shawara ba za a gaya wa Inna ba sai ya sauka lafiya, don mun san bakinta.

Mun yi lissafin bakinta, amma ba mu yi lissafin tsintsiyarta ba. Ashe tun shekaru Inna ta san inda ƙarfen yake kwana, a cikin wani buhu bayan duron ruwa. Kullum in tana shara sai ta zungure shi da gindin tsintsiya ta tsine mishi. Washegari tsintsiya ta sami buhu a lanƙwashe. Ta tsare shi a ɗaki har ya faɗa mata, ya ɗauko Alƙur'ani ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba. Ta rantse, kuma Allah ne shaida ba ta karya ba. Ko ni ba ta gaya wa ba. Ta dai aika aka auno mata shinkafar tuwo, ta jiƙa.

Ranar Juma'a da hantsi ina yanka shadda, wata mai kawo mini ɗinki daga Anguwan Rogo ta shigo tana lashe baki. Ta ce, "Barka, barka! Yau na karya da masar Innarki, har da miyar taushe. Ashe yaro ya shiryu ba ku faɗa ba? Unguwa kaf maganar ake yi."

Ban san lokacin da almakashin ya faɗi ba. Na bar shagon a buɗe, na ja mayafi na tare keke, ina ce wa mai keken ya yi sauri yana ce mini Hajiya yau Juma'a ce, an fara tare hanyoyi. Tun daga bakin famfo na ji ƙamshin. Ƙamshin da na tashi a cikinsa ne, na ƙullu da man gyaɗa a kan tanda mai zafi.

Gidan a cike yake. Mata na ta shiga da fita da kwanuka, wasu na rabon miya, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Inna na zaune a kujera 'yar tsuguno, ta miƙe ƙafar da ke ciwo, ta ɗaura sabon ɗankwali, tana juya masa da hannun da bai manta komai ba. Duk wadda ta ce, "Inna, sadakar me?" sai ta ce, "Sadaka ce kawai," matan kuma su rangaɗa guɗa. Da ta gan ni ta washe baki ta ce ashe ƙamshi ya kai Dutse Uku. Ta jawo kaina ta raɗa mini, "Ban gaya wa kowa ba, wallahi. Amma alkawarin Allah ba a ajiye shi sai gobe. In na mutu da shi a wuyana fa?"

Na buɗe baki zan yi abin da na saba, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Autanmu ne. Ya ja ni zaure. Ya fita tun asuba da keke, ya dawo ya tarar an riga an raba rabin unguwa. Fuskarsa ba tsoro a ciki, sai wata irin gajiya.

Ya ce, "Yaya, kar ki ɓata mata. Tun rasuwar Baba ban ga tana dariya haka ba."

Na ce, "Ta kashe ka, ka sani ko? Ta kashe ka da hannunta!"

Ya ce, "Ki rage murya. Ita da Ubangijinta take magana, ba da su ba. Kuma ko me zai faru, kar ta taɓa sani. Ki rantse mini."

Na rantse. Muna tsaye a nan sai ga shugaban ƙungiyarsu ya yi sallama, wani da ya tashi a gidanmu, wanda Inna ta sha ba shi masa kyauta yana yaro ba wando. Ya wuce mu ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ta cika mishi kwano ta ƙara da yaji, tana sa mishi albarka. Ya ce, "Inna, ashe tanda ta sauko. Allah ya karɓa." Ya ci guda ɗaya a tsaye a zaure, a hankali, yana kallon ƙanina. Ya goge hannu a wando ya ce sai sun haɗu.

Na kira oga. Bai tsaya tambayar laifin wa ne ba, ya ce zai turo mota yanzu a ɗauke shi. Autanmu ya karɓi wayar ya ce, "Oga, in motarku ta tsaya a ƙofar nan, har tsohuwa za su ƙona a ciki." Daga baya suka daidaita cewa ba sai ƙarshen wata ba, yau zai tafi. Mutanen oga cikin farin kaya za su jira shi a tasha ta titin Bauchi su sa shi a mota. Su shigo lungu da ƙafa su raka shi kuwa ba dama, don a unguwarmu baƙuwar fuska ba ta taku biyar ba a gane ta ba, kuma yawancin yaran oga suna gadin masallatan Juma'a.

Sai ya ce zai fara mayar da keken ga mai shi, wani dattijo a lungun bayanmu. Na ce ya bar makullin a hannuna. Ya ce dattijon nan ya ba shi keke lokacin da kowa ke gudunsa, ba zai ɓace mishi babu sallama ba. Na ce wallahi zan sake marinsa. Ya ce in bari sai ya dawo da Sallah, ya kawo mini kumatun da kansa. Ya leƙa ya ce wa Inna zai koma aiki, ta ƙulla mishi masa a leda ta ce ya ci a hanya, tun safe bai zauna ba.

Ana saukowa daga masallaci muka ji ƙarar. Ba ta yi yawa ba. Inna ta yi tsaki ta ce, "Waɗannan yara, ko Juma'a ba sa ragawa," ta ci gaba da zuba ƙullu a tanda. Ni na riga na sani. Na fita ba takalmi. Keken na tsaye a bakin injin niƙa, ya karkace ya jingina da bango, shi kuma yana kife a kan kan keken. Da na ɗaga shi ledar ta faɗo daga cinyarsa, da sauran ɗuminta.

Oga ya zo gaisuwa. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma cikin maza, yana hawaye, ban taɓa ganin ɗan sanda haka ba. Ya kama waɗanda ya kama. Amma a lungun da kowa ya ji ƙarar, da rana tsaka, mutane na dawowa daga masallaci, ba a sami mutum ɗaya da ya ga komai ba. Ban zarge su ba, su ma suna da 'ya'ya. Bayan wani lokaci na ga shugaban ƙungiyar a bakin titi yana sayen rake. Shi ma ogan ba a daɗe ba aka mayar da shi wani gari, wanda ya gaje shi ya ce shi bai san zancen tela ba, a shirya mishi bikin ajiye makami a kira 'yan jarida.

Jakunkuna suka daina zuwa. Wata rana wata mata da na taɓa aunawa ta shigo, ta jira har shagon ya watse, ta durƙusa ta riƙe ƙafata. Ta ce don Allah in dawo mata da ɗinkinta, ɗanta bai samu wurin tafiya ba tukuna, kuma an fara tambayarsa ina nasa. Na ce mata ya wuce hannuna. Ta kalle ni kamar ni na haƙa mishi kabari, kuma ban iya ce mata ƙarya take ba. Da na gaya wa Madam, ta ci gaba da jera zare a kantar shagonta ba ta juyo ba, sannan ta ce, "Hajiya, ni na kawo wannan shawara. Na ɗauka mun yi wayo." Tun daga ranar zare kawai nake saya a wurinta, mu gaisa, kowa ta kau da kai.

Kwamitin yana nan har yanzu. Suna taro a firamaren, su sha lemo, su ɗauki hoto. Ni na daina zuwa, masifar ma ta ƙare mini. Harbi ya dawo, kuma yanzu yaran da ke yi ban san iyayensu ba ma, sun yi ƙanƙanta. In uwa ta tambaye ni a ɓoye ko akwai hanyar raba ɗanta da ƙarfe, ba na sanin abin da zan ce mata. In ya riƙe zai mutu, in ya ajiye na ga yadda ake yi.

Ranar sadakar uku, matan unguwa suka haɗa baki za su dafa shinkafa, kowa na kauce wa kallon rumfar kicin. Inna ta ce a'a, a jiƙa ta tuwo, masa za a yi, ita ya fi so. Babu wadda ta iya musa mata. Tana zaune cikin masu gaisuwa, carbi a hannu, ta ce da muryar nan tata da ke tsallake katanga, "Ni dai na gode wa Allah da ban yi jinkiri ba. Da na saurari shaiɗan na ce sai wani sati, da yaron nan ya tafi ban cika alkawari ba." Matan suka sunkuyar da kai suka ce haka ne, Inna. Anguwan Rogo da ba a taɓa yin ɓarin ciki ko sakin aure a cikinta ba tare da an ji kafin azahar ba, ta riƙe wannan har yau. Babu wanda ya taɓa gaya mata, har waɗanda suka yi harbin.

Ba ta sake kife tandar ba. Duk Juma'a sai ta yi suya sadaka gare shi, kuma sai ta aiko a kira ni. Idonta ya fara raunana, amma hannun yana nan. Zan zauna a gefenta cikin hayaƙin, ta cika mini kwano, ta yi mini tambayar da ba ta gajiya da ita.

"Wadda na ƙulla mishi ranar, ya samu ya ci kuwa?"

"Ya ci, Inna."

"Alhamdu lillahi. To ke ma ci da zafinta."

Kuma ba ta ɗauke ido daga kaina sai ta ga na cinye.